Tuƙin Jirgin Wasa A Cikin Dusar Ƙanƙara

Mai karatu, in kana kukan hunturun Kano, to leƙo birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a watan Janairu, inda awon sanyi kan kai 20 ƙasa da sifiri. A nan nake tuƙa ɗan jirgina mai rimot, a fili fetal da dusar ƙanƙara ta lulluɓe.

Tayoyi dai ba su da rana, nutsewa suke yi, sai mu ɗaura masa 'yan allunan sulɓi a madadinsu. Iskar sanyi ta fi kauri, shi ya sa fukafukai ke saurin ɗaga shi. Amma batir fa? Sanyi tsotse shi yake yi. Ni a aljihun ƙirji nake ɓoye nawa kamar kuɗin adashe, sai zan tashi in saka. In ya mutu a sama, to albashi ya tarwatse, don roba kan yi gautsi a irin wannan sanyin.

Kuma kar ka kuskura ka sayi fari. Sama fari, ƙasa fari, kafin ƙiftawar ido ya ɓace maka. Ni ja na shafa wa nawa. Minti biyar yatsu sun sandare, alhali da su za ka sauko da shi.