Taga, zaure, da aikin da ba a gani

Yaron da ya tashi a Zangon Lome da Hausa yake hira a gida, amma darasin kwamfuta da Faransanci yake zuwar masa. In ya tashi bayyana wa ƙanensa abin da malami ya kira fenêtre, sai ya ce taga; processus kuwa ya ce aiki. Fassarar ba ta da aibi, sai dai tana sa mai koyo ya zaci cewa da zarar ya rufe taga, aikin da ke bayanta ya mutu. Sau da yawa ba haka ba ne.

Wannan ya fi fitowa fili a Smalltalk, harshen da Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka raya a cibiyar Xerox PARC ta Amurka a shekarun 1970, inda tagogi masu hawa kan juna suka samu gindin zama. Jikansa Squeak ya fito a 1996, kuma a kansa aka gina Scratch na farko. A wannan tsari kowane abu mai zaman kansa ne: ba a kutsawa cikinsa, sai dai a aika masa saƙo ya amsa.

Bazangon Lome bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. An rushe tsohon Zango na tsakiyar birni a 1977, aka mai da mutanensa Agoè, can arewa, amma sun tafi da tsarin maigida, wanda Michel Agier ya rubuta littafi a kansa a 1983. Falken da ya kawo shanu daga arewa ba ya faɗawa cikin gida. A zaure yake sallama, a nan ake ciniki, a nan ake kawo masa tuwo. Ashe zaure ya fi taga kama da abin da ke kan allo, domin taga leƙe kawai ake yi ta cikinta, zaure kuwa wurin mu'amala ne. Kuma kowa ya san in an rufe zaure, daka da girki ba sa tsayawa a cikin gida.

Haka aikin da aka sallama ya yi gudun kansa: taga ta ɓace, shi kuwa yana nan yana cin ƙarfin na'ura, har sai an buɗe jerin ayyuka an tsai da shi.

Akasin haka ya fi ciwo. Squeak yana raba wa ayyuka daraja daga 10 zuwa 80, kuma mai kula da allo yana kan 40. Babba yana katse ƙarami, amma tsara ba ya katse tsara, sai wanda ke kai ya sauka don kansa. In ɗalibi ya saki umarni mai zagaye marar iyaka a cikin aikin allon, duk tagogi sai su sandare, har da wadda ya rubuta aikin yini bai adana ba. Gaggawar kashe na'ura a nan asara ce. Danna Alt tare da ɗigo yakan katse zagayen, ya buɗe wurin gyara.

Shi ya sa kalmar aiki ita kaɗai ta yi kaɗan. Wanda ya ce "aiki mai gudana" ya ƙara kalmomi biyu, amma ƙanensa zai tambaya ina yake gudana, kuma wa zai tsai da shi.