Ɓatan Wata a Damunar 2002

A damunar 2002 babu maganar da ake yi a Funtuwa kamar ta shari'ar Amina Lawal. Cikin watan Agusta babbar kotun shari'ar Musulunci da ke garin ta tabbatar da hukuncin jifa da aka yanke mata a Bakori, hujja kuwa ita ce jaririyar da take goyo. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. Lokacin ina aikin ungozoma a wani asibiti a cikin gari, kullum da yamma mukan tsaya jikin rediyon maigadi mu ji abin da BBC za ta ce. Sai a Satumbar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta wanke Amina. Amma tun kafin nan kowace budurwa a gari ta riga ta ɗauki darasinta, cewa ciki ba ya jiran shaidu huɗu, kuma mace kaɗai yake kamawa.

Cikin wannan yanayi ne ɗiyar yayana ta yi mini sallama wata rana bayan isha'i, mayafinta sharkaf da ruwan sama. Shekarunta ashirin da biyu, tana kwalejin ilimi, an sa ranar bikinta bayan ƙaramar sallah. Ta ce gaisuwa ta kawo ta. Na zubo mata tuwo, ta yi loma biyu ta wanke hannu. Sai da yara suka yi barci ta matso bakin gadona.

"Gwaggo, ban ga watana ba."

"Ya wuce da kwana nawa?"

"Yau sati biyu."

"Kin san namiji ne, ɗiyata?"

"Wallahi Gwaggo bai kusance ni ba. Wasa ne kawai."

Wannan kalma ta "wasa" na sha jin ta a ɗakin awo, kuma ba ta gaya wa ungozoma komai. Dole sai an ajiye kunya an yi tambayoyin da ba a saba yi ba. Da tufafi ko babu? Ya zubar? A ina ya zuba? Hannunsa ya taɓa maniyyin sannan ya taɓa ki? Ta rufe fuska da mayafi tana amsawa ta ciki. Wanda za ta aura ne ya zo zance, suka zauna a mota, aka ɗauke wuta a unguwa, abu ya wuce gona da iri. Kamfanta na jikinta, amma ta ji danshi a cinya, ba ta kuma san iya inda ya kai ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ta riga ta ɗura wa cikinta. Jiƙon kanwa da ruwan zafi, lemon tsami da gishiri, da wasu kafso da ƙawarta ta ba ta a ƙullin leda babu suna. Ƙirjinta na zafi, ga zawo. Jibi kuma ƙawar za ta kai ta wajen wani mai kemis da ke yin allurar "wanke mara". Ni na san ƙarshen wannan hanya, don mu ake kawo wa su da tsakar dare, jini ya ƙi tsayawa, ko mahaifa ta ruɓe, ko an huda ta da ƙarfe. Abin takaici, cikin masu shan waɗannan abubuwa akwai waɗanda tun farko ba su da cikin, babu dai wanda ya gwada.

Na ce mata ta saurara. Ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyi ba sa rayuwa sai da danshi da ɗumi. In sun bushe a kan zane ko fata, sun mutu. Ba sa ratsa tufafi biyu ko uku su je su yi ciki, balle a ce an same shi daga runguma ko sumba ko zama inda namiji ya tashi. Haɗarin yana nan ne in ɗanyen maniyyi ya zuba a bakin farji, ko yatsa ya kai shi can. Ko maziyyi, ruwan da ke fita kafin a zubar, yakan ɗauko 'yan ƙwayoyin a jikin wasu maza. In sun samu shiga suna iya kwana biyar da rai suna jiran ƙwai, shi kuwa ƙwan mace yini guda yake yi bayan ya fito.

Ta ɗago kai ta ce, "To ai ni budurwa ce, Gwaggo."

Na ce tantanin budurci ba murfin tukunya ba ne. Yana da kafa, in ba haka ba ta ina jinin haila yake fitowa duk wata? Ta yi shiru. Yarinyar nan ta haddace Ahalari da Ishmawi, za ta rarrabe maka maniyyi da maziyyi da wadiyyi, wanne ke wajabta wanka, wanne ke karya alwala. Amma babu wanda ya taɓa gaya mata abin da suke yi a jikin mace. Mun koya musu hukuncin ruwan, mun bar musu sauran su tsinta a bakin ƙawaye.

Muka ƙirga kwanaki. Daga daren motar zuwa ranar an haura sati uku, wato gwajin fitsari zai faɗi gaskiya. Tsinken gwaji yana neman wani sinadari ne da jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama a mahaifa, kuma ana dogara da shi daga ranar da al'ada ta ƙi zuwa, ko bayan kwana 21 da abin da ya faru. Na aika aka gaya wa uwarta ruwa ya tare ta, a wajena za ta kwana. Ba ta runtsa ba, ina jin juyinta a tabarma har kiran assalatu. Na miƙa mata wankakken gwangwanin madara ta kawo fitsarin farko, na tsoma tsinken, muka ajiye shi a kan murfin langa kusa da fitilar ƙwai. Layi ɗaya ya fito. Muka jira minti biyar, yana nan shi kaɗai.

Ba ta yarda ba. Ta ce to me ya riƙe jinin? Na tuna mata zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da ita a watan jiya, ga jarrabawa, ga rama. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin sakin ƙwai, al'ada kuma tana biyo baya da kamar kwana 14. Ciwo ko tashin hankali yakan sa a jinkirta sakin, sai al'adar ma ta ja baya. Lafiyayyar mace ma watanta na iya kamawa daga kwana 21 zuwa 35. Na hana ta kanwa, na ce in sati ya zagayo shiru mu sake gwaji, in kuwa aka yi wata uku babu jini sai ganin likita, don akwai larurar maƙoƙo da ta jakar ƙwai masu riƙe al'ada. Ba a kai satin ba ƙaninta ya leƙo da tallan gyaɗarsa a ka ya ce, "Gwaggo, Yaya ta ce a gaya miki yau ba ta sallah." Shi bai san saƙon da ya kawo ba. Na saye gyaɗar duka.

Angon kuwa na sa aka kira mini shi zaure. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa ko ba ciki, akwai cututtuka irin su tunjere da haɗuwar fata da fata kaɗai ke yaɗawa, kuma sati biyun da ta yi tana shan kanwa shi barcinsa yake yi. Bai iya haɗa ido da ni ba har yau.

Ba kullum ake tashi da layi ɗaya ba, shi ya sa ba na ce wa kowace yarinya "ba komai" kafin gwaji. Bayan wasu shekaru wata uwa ta kawo mana 'yarta, ita ma an kusa bikinta, wai ƙari ya fito mata a mara. Da na duba, budurcinta na nan. Hoton ciki ya nuna wata huɗu. Uwar ta dafe ƙirji ta ce aikin aljanu ne, a ba ta 'yarta ta kai ta ruƙiyya. Na fitar da kowa, na yi wa yarinyar tambayoyin nan dai, amsarta ta bambanta a wuri ɗaya: babu tufafi a tsakani, kuma a bakin ya zuba. Na dawo da uwar na yi mata bayani sau biyu, a hankali. Ta daɗe tana kallon takardar hoton a juye, sannan ta ce, "Malama, ke za ki gaya wa babanta, ni ba zan iya ba." Na ce ya zo ranar Litinin bayan an tashi awo. Kafin su fita na buɗe wa yarinyar kati, na auna jininta, na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na wata guda.