Dajin da ke Ƙarƙashin Teku: Nutso a Ruwan Sanyin Kef Tawun

Yau kam ku ɗaure zani da kyau, don tafiyar tamu mai nisa ce, can ƙarshen nahiyarmu za mu, birnin Kef Tawun na ƙasar Afirka ta Kudu, kuma ƙarƙashin teku za mu leƙa.

Birnin yana zaune ne a gindin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, shi ya sa ma ake ce masa Dutsen Tebur. Daga nan ƙasa ta miƙe kudu ta shige cikin teku kamar ɗan yatsa, ruwa ta dama ruwa ta hagu. Ta yamma buɗaɗɗen tekun Atalantika ne, ta gabas kuwa wani makeken lungun teku ne da ake kira False Bay, wato lungun ƙarya, don matuƙan jiragen ruwa na da da suka taso daga gabas sukan shige shi da zaton sun iso tashar birnin. A bakinsa akwai ɗan garin Simon's Town, kamar kilomita 40 daga birni, kuma a kewayensa 'yan koyo da dama ke fara nutso.

Nutson da nake nufi shi ne wanda mutum zai goya tukunyar iska a baya, ya sa bakin mesarta a bakinsa, ya yi ƙasa yana numfashi abinsa kamar kifi. Turawa na ce masa sukuba. Iskar da ke cikin tukunyar irin wadda muke shaƙa ce, matse ta kawai aka yi.

To me ake zuwa gani? Ke dai bari 'yar uwa, daji ne guda a cikin ruwa! Wata ciyawar teku ce mai kama da gora, saiwarta maƙale da dutse, tsayinta kan wuce mita 10, ganyenta ya yi rumfa a sama, rana na ratsowa tsakani. A ciki kifaye ke kai da komo, ga wasu ƙananan kifayen shak masu zane a jiki kamar rigar barci, waɗanda ba ruwansu da mutum. A wannan dajin aka ɗauki fim ɗin My Octopus Teacher na 2020, labarin Craig Foster da wata halitta mai hannuwa takwas, har ya ci kyautar Oska a 2021. Shi kam ba tukunya ba rigar sanyi yake shiga, amma fa ya daɗe yana sabawa jikinsa, kar ki ce za ki kwaikwaye shi.

Domin ruwan nan sanyi gare shi na fitar hankali. A ɓangaren Atalantika yakan sauka ƙasa da digiri 10, a False Bay kuwa yakan yi wasa tsakanin 12 da 20 gwargwadon lokaci. Kar ki ce ai kin saba da sanyin hunturu. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kamar ninki 25 fiye da yadda iska ke yi. Da farko karkarwa ce, sai yatsu su ƙage, sai tunani ya fara rikicewa, ga shi kuma mai jin sanyi ta fi saurin shanye iskar tukunyarta. Don haka da zarar karkarwa ta ƙi tsayawa, nutso ya ƙare, sai a fito a nemi shayi mai zafi da bargo.

Maganin sanyin shi ne rigar roba mai kaurin milimita 7, ko mai 5 a ɗora wata a kai. Tana rufe jiki tun daga wuya har idon sawu, a haɗa da hular roba, safar hannu da takalmi, fuska kaɗai ce a waje, ita ma da gilashinta. Ruwa kaɗan kan shiga tsakanin fata da rigar, jiki ya ɗumama shi, shi ya sa dole ta kama ki cif. In ta yi miki yawa ruwan sanyi zai dinga zarya a ciki, kin yi aikin banza ke nan. Sannan kaurin rigar kan sa mutum ya ƙi nutsewa, sai an ɗaura masa ɗamarar dalma. Ga tukunya ga dalma, tab, tafiya da su a kan duwatsun gaɓa ma aiki ne.

Yanzu ga sharuɗɗa. Ba mai cika miki tukunya a kantin kirki sai kin nuna katin shaidar koyo. A tsarin ƙungiyar PADI, wadda makarantunta suka bazu a duniya, 'yar shekara 10 na iya farawa a matakin yara, cikakken kati kuwa sai an kai 15. Dole ki yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ki kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ki dafa komai ba. Sai karatu da jarrabawa, sai atisaye kashi 5 a kwamin wanka, sannan nutso 4 a teku tare da malami. Iyakar zurfin da katin farko ya yarje miki mita 18 ne. Kuma da yake hukuma ta killace yawancin gaɓar nan, sai da takardar izini ake nutso a cikinta.

Akwai wata takarda da za a miƙo miki tun ranar farko, ta tambayoyin lafiya, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Mun san halinmu na ɓoye ciwo saboda kunya, to a nan kunya na iya cin rai. Mai asma, ciwon zuciya, farfaɗiya ko ciwon sukari, sai likita ya duba ya sa hannu. Mai sikila, wadda muka san yawanta a gidajenmu, nutso ba nata ba ne, don sanyi da wahala na tayar da ciwon, kuma a ƙasan teku ba mai kai ta asibiti a kan kari. Amaryar da ta samu juna biyu ita ma ta haƙura sai ta sauka lafiya. Ko mura kika tashi da ita, ki zauna a gaɓa ki yi gadin jakunkuna.

Dalili shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 10 matsin da ke kanki ya ninka na doron ƙasa sau biyu, kunne ne zai fara gaya miki. Sai ki toshe hanci ki hura a hankali har ki ji ya buɗe, hancin da mura ta toshe kuwa ba zai yarda ba. Babbar doka ita ce kar ki taɓa riƙe numfashi, don iskar da ke huhu kumbura take in ana tasowa, tana iya yaga shi. Tasowar ma a hankali ake yi, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Kin ga yadda lemon kwalba ke kumfa in an buɗe shi da gaggawa? Haka iskar naitirojin da ta narke a jini ke yi wa mai garaje. Saboda ita ne ma ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 12 bayan nutso ɗaya, ko 18 in an yi da yawa, don haka kar ki ajiye nutso ranar komawa gida.

Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokiyar tafiyarta, kuma da hannu ake magana. In kin haɗa babban yatsa da manuni sun yi zobe, lafiya lau ke nan. In kin ɗaga babban yatsa sama, cewa kika yi mu fita, kuma ba wanda zai tuhume ki. Kar ki taɓa abin da kika gani. Akwai wata dabba mai fuskar kare da ake kira sil, mai son wasa da masu nutso, amma tun 2024 da aka tabbatar da cutar haukan kare a jikin wasunsu ake gargaɗin a ba su tazara.

Sai zancen lokaci, don yanayinsu a juye yake da namu. Watannin Yuni zuwa Agusta, muna tsakiyar damina, su suna cikin sanyi, kuma a lokacin ruwan False Bay ya fi yin garau. A Disamba da Janairu kuwa, lokacin zafinsu, iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas ke kore ruwan sama, na ƙasa ya taso, sai ɓangaren Atalantika ya yi haske tas amma sanyi kamar ƙanƙara. Wata rana ki hango nesa, wata rana da kyar ki ga abokiyarki. In malami ya dubi teku ya ce yau ba shiga, ki bi maganarsa ko da kuɗinki ya tafi.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Duk wadda wannan daji ya shiga ranta, ta fara da koyon iyo a inda mata ke koya, ta san rukunin jininta, ta faɗi gaskiya a kan takarda. Ragowar duk malami zai koya mata.