Daga Gyallesu Zuwa Kalaba a Watan Kirsimati

Wanda ya zauna a Zariya ya san ƙarar ƙananan jiragen nan da suke kewaya sararin gari da hantsi. Daga ƙofar gidanmu a Gyallesu muna ganinsu, sukan bi ta kan Kongo da Tudun Wada, su karkata wajen ganuwar birni, sa'an nan su koma Palladan. Na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne, wadda aka kafa tun 1964. Matuƙa da yawa da suke ɗaukar fasinja a ƙasar nan a kanmu suka koyi aiki. Amma abin dariya, mutumin Zariya ba ya iya sayen tikiti ya hau jirgi a garinsu. Sai ya tafi Kaduna, wajen kilomita 80, ko Kano, wajen kilomita 150, ko kuwa ya ƙarasa Abuja. Wannan nisa shi ne farkon lissafin duk wanda yake neman araha daga nan.

A shekarar 2024 'yarmu da take aure a Kalaba ta haihu, ta roƙe mu mu je mu yi Kirsimati tare da su, mu ga jikanmu. Mu uku ne za mu tafi, mu biyu da autarmu. Tafiyar mota kwana biyu ce, uwar gidan kuwa tana fama da ciwon baya, likita ya hana ta dogon zama a kujerar mota. Abin da muke da shi a hannu kuɗin adashi ne na shekara guda da ɗan abin da aka samu daga masara. Ko mu sami jirgin da kuɗin zai kai, ko kaka ta ga jikanta a hoton waya kaɗai.

Da fari mun yi tsammani kuɗin jirgi kamar na mota yake a Kwangila, kowa ya biya abu ɗaya. Ashe ba haka ba ne. Autarmu ce ta zaunar da mu ta buɗe wayarta. Ta ce, "Baba, kujerun jirgi ɗaya ba farashi ɗaya ake sayar da su ba. Akwai kaɗan masu araha, in sun ƙare sai a buɗe na gaba da su, haka har a kai masu tsada." Wato mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, iska ɗaya suke shaƙa, ruwa ɗaya za a miƙa musu, amma ɗaya ya biya ninkin na ɗan'uwansa domin ya makara. Manomi zai gane wannan da sauri. Wanda ya sayi hatsi da kaka ba daidai yake da wanda ya saya a tsakiyar damina ba.

Disamba kuwa ita ce tsakiyar daminar jiragen ƙasar nan. Mutanen kudu maso gabas da na bakin teku da suke aiki a Legas da Abuja da arewa duk suna so su isa gida kafin ran 24 ga wata. Waɗanda suke Ingila da Amurka su ma suna sauka a Legas su nemi jirgin ƙarasawa, da kuɗin waje a aljihunsu. Kalaba kuma tana da nata ƙarin, gama tun 2004, zamanin Gwamna Donald Duke, ake yin babban bikin nan na raye-raye a tituna a ƙarshen Disamba, baƙi suna cika gari. Jirgi yakan tafi can maƙil ya dawo da kujeru a wofi, saboda haka masu tafiya ne suke biyan kuɗin man dawowarsa. Wanda ya yi sa'a tafiyarsa ta saɓa wa ta jama'a, misali yana barin Kalaba ko Inugu zuwa Abuja a makon Kirsimati, shi yakan sami rangwame. Mu dai tare da taron muke.

Har wa yau akwai abin da ya fi ƙarfin kowa. Man jirgi da kayan gyaransa da dala ake lissafinsu. A Fabrairun 2022 kamfanoni suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000, mutane suka yi ta kuka. Bayan da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, wannan farashi ya zama labarin dā. Tsofaffi irinmu da suka ga zamanin Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003, gara su bar kwatanta jiya da yau, don ba ya ƙara wa mutum kome sai hawan jini.

A farkon Oktoba muka soma dubawa. Kowace yamma bayan an ci tuwo, autarmu takan buɗe shafin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna rubutawa a bayan wani tsohon littafin makaranta. Cikin mako guda abin ya fito fili. Daga wajen 18 ga Disamba zuwa jajibirin Kirsimati, farashi ya riga ya hau tun a lokacin. Ranar Juma'a da Lahadi sun fi Talata da Laraba tsada. Dawowa a makon farko na Janairu ita ma wuta ce, domin kowa yana gaggawar komawa bakin aiki. Da yake mu biyu mun bar aikin gwamnati, yarinyar kuma tana jiran kiran bautar ƙasa, ba abin da ya ɗaure mu da waɗannan ranaku. Muka zaɓi tafiya ran Laraba 11 ga Disamba, dawowa ran Talata 14 ga Janairu. Wannan kaɗai ya rage kusan rabin abin da za mu biya. Surukinmu dai ya ɗauki nauyin baƙi na wata guda, bai kuwa nuna gajiya ba, Allah ya sa masa albarka.

Inda muka daɗe muna gardama shi ne wurin tashi. Ba mu sami jirgin da yake zuwa Kalaba kai tsaye daga Kano ko Kaduna ba, dole a sauya a Abuja ko Legas. Kano tana da daɗin zuwa daga Zariya, filin jirginta kuma tsoho ne mai tarihi, gama tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano. Amma tashi daga can yana nufin tikiti biyu ga kowane mutum, sau uku kuwa ya zama shida. Ga kuma hazo. Kowa ya san yadda hunturu yake rufe sararin arewa a Disamba da Janairu, har matuƙi ba ya ganin inda zai sauka, a jinkirta tashi ko a soke shi. In jirgin farko ya makara, na biyu kuwa na wani kamfani ne dabam, ba mai jiranka, kuɗinka ya tafi. Muka bar wannan shawara.

Sai muka ga wani tikiti zuwa Uyo wanda ya fi na Kalaba sauƙi ƙwarai, har maigida ya ce a saya nan take. Uwar gidan ta ce, "Malam, a tambayi yarinyar tukuna." Da muka kira 'yarmu sai ta ce, "Mama, kada ku soma. Hanyar Itu ba ta bayanki ba ce." A taswira garuruwan biyu kusa suke, amma hanyar da take tsakaninsu ta sha wahalar manyan motoci, mutum yakan yi sa'o'i a kanta. Da muka haɗa kuɗin shatar mota daga Uyo, sai arahar ta narke, saura ciwon baya. Tun daga ranar muka canza yadda muke rubutu a littafin nan namu. Muka daina rubuta kuɗin tikiti shi kaɗai, muka koma rubuta abin da za a kashe daga ƙofar gida a Gyallesu har ƙofar gidan 'yarmu: mota, jirgin ƙasa, tasi, abinci, wurin kwana, da kuɗin kaya.

Kaya ma suna da nasu labari. Akwai tikiti mai araha wanda jakar hannu kaɗai ya yarda da ita, duk abin da ya ƙaru sai an auna an biya. Kaka kuwa ba ta zuwa ganin jika hannu sake. Ta tanadi daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, gero na kunu, da kilishi. Muka aro ma'auni wurin mai sayar da hatsi a kasuwar Tudun Wada muka auna kome a tsakar gida. Geron da sauran masu nauyi muka ba motar kaya mako biyu kafin tafiya, suka riga mu isa.

Ran Talata da sassafe muka fita, sanyi yana ratsa rigar sanyi, masu kosai suna hura wuta a bakin titi. Mota ta kai mu Kaduna, muka wuce tashar Rigasa muka shiga jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, wanda yake cin kilomita 186 zuwa Idu a Abuja. Ba za mu ɓoye muku ba, ba wanda yake shiga jirgin nan bai tuna da harin 28 ga Maris 2022 ba. Muka yi addu'a, muka zauna. Uwar gidan ta ji daɗinsa domin tana iya miƙewa ta taka kaɗan. Muka kwana wurin ɗan'uwa a Kubwa, ba mu biya masauki ba. Da gangan muka bar kwana guda a tsakani, domin kada jinkirin hanya ya cinye mana tikiti.

Washegari muka isa fili da wuri, amma jirgin bai tashi a kan lokaci ba. Aka ce awa ɗaya, ta zama uku. Wani bawan Allah da yake kusa da mu, ya sayi nasa tikitin wurin wani mai shago da ya yi masa alkawarin rangwame, da ya je teburin awo aka ce babu sunansa. Ya kira lambar, a kashe. Abin ya ba mu tausayi ƙwarai. Mu a shafin kamfanin muka saya, muka kuma sa aka buga mana takardar, sunan kowa daidai da na katin shaidarsa. Yana da kyau kuma mai tafiya ya sani, bisa ga dokar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, in kamfani ya soke tafiya, fasinja yana da ikon a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgi. Kada kunya ta hana ku tambaya.

Tafiyar sama ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Muka bar ƙasa ja mai ƙura, muka sauko kan kurmi kore shar da koguna suna murɗawa cikinsa. Da aka buɗe ƙofa a filin Margaret Ekpo, zafi mai laima ya tare mu, muka tuɓe rigunan sanyin Zariya tun a kan matakala. A kwanakin da muka yi mun ga makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, da kabarin Mary Slessor yana duban kogi. Muka je Bogobiri, unguwar Hausawa, inda wani mai tsire ya ji harshenmu ya tambaye mu ko daga Zazzau muke, ya ƙi karɓar kuɗin rabin abin da muka saya. A ranar babban bikin muka tsaya a bakin titi, jikanmu yana barci a bayan kakarsa duk da ƙarar ganguna. Wata mata da ta iso ran 23 ga wata ta faɗa mana abin da ta biya ita kaɗai, ya kusa kai na mutum biyu a cikinmu.

Muka dawo tsakiyar Janairu a jirgin da bai cika ba. Da motar Kaduna ta sauke mu, hazo ya lulluɓe Zariya har ba a ganin dutsen Kufena, ƙananan jiragen Palladan ma ba su tashi ba a ranar. Da dare autarmu ta ɗauko littafin ta haɗa lissafi. Abin da ya saura daga kuɗin adashin ya sayi buhun taki biyu.