Gidan Fraunces na Birnin Niyok: Ƙasa Mashaya, Sama Tarihi

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a birnin Niyok na Amurka, kuma labarin da suke aiko mana bai wuce na dogayen benaye da tsananin sanyi ba. To, a wannan wata za mu leƙa wani tsohon gida na jan bulo da ke kudancin birnin, a mahaɗar titin Pearl da titin Broad, kusa da kasuwar hannun jari. Sunansa Fraunces Tavern.

Wani attajiri mai suna De Lancey ya gina shi a 1719 don zaman iyalinsa. A 1762 Samuel Fraunces ya saye shi ya mai da shi gidan abinci da mashaya. Har yau sana'ar ke nan a ƙasan gidan: da rana ma'aikatan ofisoshi su ci abinci, da dare a sha giya, wasu ranakun kuma makaɗa su yi wasa. Wanda ba ruwansa da giya sai ya hau bene, inda aka buɗe gidan tarihi tun 1907.

A saman nan akwai wani dogon ɗaki. A cikinsa ne Janar George Washington ya yi ban kwana da hafsoshinsa ranar 4 ga Disamba, 1783, kwana tara bayan sojojin Ingila sun fice daga birnin. Wannan shi ne labarin da aka fi ba wa baƙi.

Amma akwai labari na biyu, wanda ya fi shafarmu. Lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, Ingilishi sun yi wa bayi baƙar fata alkawari cewa duk wanda ya gudo wurinsu ya zama ɗa. Da yaƙi ya ƙare, sai iyayengijin bayin suka zo biɗar "dukiyarsu". A wannan gida ne kwamitin Ingilishi da Amurkawa ya riƙa zama a 1783 yana sauraron irin waɗannan ƙararraki. Ku duba fa, jama'a: mutum yana tsaye, wasu suna shawara ko ya shiga jirgin ruwa, ko a mai da shi gonar da ya tsere daga cikinta.

Waɗanda suka tsira an rubuta sunayensu a wani kundi, kimanin mutum 3,000, aka kai mafi yawansu Nova Scotia a Kanada. Can ma ba su ji da daɗi ba, ga sanyi, ga ƙarancin gonakin da aka yi musu alkawari. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka hau jirage 15 zuwa Saliyo, suka kafa birnin Firitawun. Ashe hanyar wasu 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma ta bi ta ƙofar wannan mashaya.

Gidan ya sha wuya. Gobara ta ci shi fiye da sau ɗaya, har ma ginin da ake gani yanzu yawancinsa gyaran 1907 ne. A watan Janairun 1975 kuma bom ya tashi a wurin, ya kashe mutum huɗu.

Idan kun rubuta wa yaranku da ke Niyok, ku ce su ware ranar hutu ɗaya su je su gani, su tafi da jikokinmu, su tambayi ma'aikatan gidan labarin wannan kundi.