Tsakanin Karin Harshe da Larurar Furuci

A Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, yaro yakan ce "hwara" da "ɗiya" inda Bakano zai ce "fara" da "'ya". Karin harshen yamma ke nan, ba tsamin baki ba. Sai dai ɗalibin da ya yi digiri na biyu kan gyaran furuci a Jami'ar Ibadan da Ingilishi aka horar da shi, takwaransa na ƙetaren iyaka kuwa da Faransanci. Ma'aunan waɗannan harsuna ba su san ɓ da ƙ ba, balle karin sauti. Da su ana iya laƙaba wa lafiyayyen yaro larura, a kuma kasa gane dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta gurɓata wa karin sauti. Tsara ma'auni mai la'akari da Katsinanci yana buƙatar hannun masana Hausa.