Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita a tsakaninmu game da ciwon ido, wadda nake ganin ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau. Ciwon da ya zo da ja da kwantsa da hawaye, wanda sau da yawa da kansa yake warkewa, shi muke yi wa taron dangi da magunguna iri iri har mu ɓata idon. Amma wanda ya shigo a ɓoye, ba zafi ba raɗaɗi, alhali kuwa shi ne mai makantarwa, sai mu zuba masa ido har ya gama aikinsa.

Bari mu fara da Afolo, tun da yake babu gidan da bai taɓa ziyarta ba. A shekarar 1969 aka fara ganinsa a ƙasar Gana, ya kuwa yi daidai da shekarar da kumbon Amurka mai suna Afolo 11 ya kai mutum duniyar wata. Saboda haka jama'a suka laƙaba masa wannan suna, har wasu suka ce daga can aka kwaso shi. Likitoci sun gano cewa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma hannu ne ke yaɗa ta, da tawul, da ruwan wanke fuska, da tsinken kwalli. Kallon idon mai Afolo ba ya sa kowa ya kamu, ko da yake an daɗe ana faɗin haka. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan tafi da kansa. Abin da yake bukata shi ne wanke hannu da sabulu, da goge kwantsa da tsabtataccen ƙyalle da ruwa mai sanyi, kowa kuma ya riƙe tawul ɗinsa.

To, amma mai karatu ya san abin da akan yi. A unguwar Hausawa da nake zaune a nan Kudu, duk shekarar da Afolo ya shigo sai kowa ya zama likita. Na ga an ɗiga ruwan sukari, na ga ruwan albasa, na ga nonon mai jego da ruwan ganye, har na ji ana yabon ruwan batir. Akwai wani yaro ɗan dako, bai wuce shekara ashirin ba, wanda abokan kwanansa suka ba shi shawarar ya wanke ido da fitsari. Kafin kwana uku idon ya kumbura yana zubar da mugunya. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce fitsarin na ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, ita ce ta ci baƙin idon. An ceto ido ɗaya, ɗayan kuwa hakiya ta rufe shi har yau. Da an ƙyale shi da Afolonsa, da yanzu ya manta ya taɓa yin sa.

Haka nan maganin ɗigawa da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Akwai irinsa da ke kawar da jan ido nan da nan, shi ya sa mutane ke sonsa. Sai dai in akwai gyambo a baƙin ido, ƙara faɗinsa yake yi. In kuma aka daɗe ana ɗigawa, yakan ta da ƙarfin ruwan cikin ido har jijiyar gani ta lalace. Mai kemis kuwa ba shi da abin leƙa cikin ido, kwalba kawai zai miƙo ya karɓi kuɗinsa.

Sai kuma yanar ido, wadda yawanci tsufa ke kawowa. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi garai garai da haske ke ratsawa. In ya dusashe, gani sai ya zama kamar hazon hunturu. Aikinta a asibiti ba ya cika wuce rabin sa'a. A cire dusasshen, a sa na roba a gurbinsa, kashegari a kwance bandeji mutum ya ga jikokinsa. Amma har yanzu akwai masu yawo ƙauye ƙauye da tsinke, suna soka ido su tura yanar can ƙasa. Wani kawuna ya ba su tunkiya da kuɗi a kan wannan aiki. Ranar farko ya ga haske, aka yi ta murna. Bayan 'yan makonni ciwon kai ya sa shi gaba, idon ya mutu, mai tsinke kuwa ya riga ya ƙara gaba.

Kada a ɗauka labarin gidanmu ne kaɗai. A binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007, an duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An sami kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Yanar ido ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 masu tsinke ne suka taɓa su, kuma fiye da kashi 70 na waɗannan an same su ba sa gani.

Na biyu a wannan lissafi shi ne ciwon da ake kira gilakoma, watau hawan jinin ido, da kusan kashi 17 cikin 100. Shi ne ɓarawon da na ambata tun farko. Ta gefen gani yake fara ci, sannu a hankali, mutum yana karanta jarida sosai alhali ba ya ganin babur da ke tahowa ta gefensa. Abin da ya ci kuwa ba ya dawowa, ko da an je ƙasar waje. Ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin dangi. Maƙwabcina tela ya shekara talatin a kan keke bai taɓa kukan ido ba. Da zare ya fara gagararsa ya je neman tabarau, can aka auna aka tarar ido ɗaya ya kusa tafiya. Yanzu safe da yamma yana ɗiga maganin da likita ya rubuta masa, ɗayan idon ya tsaya, yana nan yana ɗinkinsa. Ya kuma tura ƙannensa duka aka auna su.

Shi kansa tabarau akwai camfi a kansa, wai yana ƙara kashe ido. Babu gaskiya a wannan magana. Duk wanda ya haura shekara 40 ganinsa na kusa yakan ragu, tabarau kuwa taimako ne kamar sanda ga matafiyi. Abin da na fi so a gane shi ne, ranar neman tabarau ita ce ranar da ya kamata a auna ƙarfin ruwan ido, a leƙa jijiya, musamman ga mai ciwon sukari ko hawan jini. Wanda ya tsaya a tiren mai talla ya zaɓi wanda ya yi masa, ya sami karatu amma ya rasa wannan awo.

Na san za a ce asibiti da nisa, ga kuɗin mota, ga layi. Gaskiya ne, kuma wajibi ne hukuma ta kai ma'aikatan ido ƙananan asibitoci. Duk da haka wuraren suna nan. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda yake aiki tun 1943, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen ido. A kwatanta kuɗin mota na yini ɗaya da yaron da za a cire daga makaranta ya zama ɗan jagora shekara da shekaru.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kada a sa kome a ido sai abin da ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta. In gani ya ragu, ko zafi ya tsananta, ko fari ya fito a baƙin ido, ko jariri ya yi kwantsa a kwanakinsa na farko, a tafi asibiti ran nan. In siminti ko wani ruwa mai ƙuna ya faɗa ido, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na tsawon minti ashirin, sa'an nan a tafi. Wanda kuwa ya kai arba'in, ko da lafiyarsa lau, ya je a auna shi, ya kuma riƙa komawa yadda likita ya ce. Allah ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, amin.